Rawanin da Baba Ya Miƙa Don Kara

Jikana da ke karatun tarihi ne ya fama mini tsohon miki, bai kuma san ya yi ba. Ya zo hutu yana ba ni labarin masu sarautar gado a ƙasar Ingila. Wai su idan mai sarauta ya mutu babu taro babu tambaya, babban ɗansa namiji ya gaje shi ke nan tun kafin a kai gawa makwancinta, kuma akwai littattafan da aka jera asalin kowane gida, wane ya haifi wane. Na ce masa, wato ba a tambayar mutum ko yana so? Ya ce ba a tambaya. Na ce to sun huta. Da haka ake yi a garinmu, da ban shafe shekara goma sha ɗaya ina dafa wa mutum ɗaya mugun nufi a cikina ba.

Garinmu yana tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gonaki suke manne da juna, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko na lalle. Idan ka yi atishawa a gonarka, maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. Kakana shi ne dagaci. Ya gaji ubansa, ubansa ya gaji nasa. Ba wata sarauta ce mai girma ba: rawani ne, da zaure, da gandun sarauta mai ɗan yankin fadama a ƙasansa, da rumbunan tsimi uku da ake ajiye hatsi saboda baƙar shekara. Duk wanda ya ɗaura rawanin shi ke da gidan, da gandun, da rumbunan.

Ƙa'ida biyu ce a gidanmu. Ta farko, wanda ubansa bai ɗaura rawanin ba, ba ya shiga layi, shi da zuriyarsa har abada. Ta biyu kuma kara ce. Idan wakilin Hakimi ya zo jin wanda gida ya tsayar, magajin ba ya cewa ni ne. Sai ya nuna wani babba a dangi ya ce ga wanda ya fi shi cancanta. Shi kuma babban ya ce a'a, ɗa shi ke gadon ubansa, na mayar masa. Daga nan magatakarda ya rubuta suna a kai birni. Kowa ya san miƙawar ba ta gaske ba ce, kamar yadda za ka ce wa mai wucewa bismillah alhali lomarka ta ƙarshe ce a kwanon.

Kaka ya rasu a shekarar farin farko, damina ta yi tsakiya gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Ina da shekara goma sha tara, da tsohon ciki, an kawo ni gida goyon ciki. Ranar da wakilin Hakimi ya zo, mu mata muna bayan ƙofar zaure ta ciki, muna jin komai. Babana shi ne babban ɗa, ba mai ja. Babban da ya rage a dangi kuma ƙanin Kaka ne, wanda muke kira Tsoho.

Wakili ya tambaya. Baba ya ce, da muryarsa ta ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, ga ƙanin mahaifina nan zaune. Shi ne uba a gare mu yanzu. Ba zan shiga gabansa ba."

Aka zuba wa Tsoho ido ana jiran amsar da kowa ya haddace. Inna har ta gyara mayafi, mai guɗa ta cika ƙirji da iska.

Tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "To. Tunda yaro ya faɗa da bakinsa, na karɓa. Allah ya yi masa albarka."

Wakili baƙo ne, bai san al'adar gidanmu ba, abin da ya ji shi ya sa aka rubuta. Dattawan da suka sani kuwa suka sunkuyar da kai suna kallon tabarma. Baba ne kaɗai zai iya cewa ba haka nake nufi ba, shi kuma ko za a yanka shi ba zai ƙaryata ƙanin ubansa a gaban jama'a ba. Mai guɗa ta saki iskarta a hankali, ba ta yi guɗar ba.

Bayan sadakar arba'in muka kwashe kayanmu daga gidan da aka haifi Baba, muka koma wani kango a gefen gari kusa da gonarsa ta jigawa. A can na haihu, namiji.

Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Mijina ya tafi cin rani kudu, sai na ci gaba da zama a gida. Mu goma sha ɗaya ne a tukunya ɗaya. Muka ci tafasa, muka ci rama, muka ci dusa da a da akuya muke ba wa. Nonona ya fara ƙafewa, yaron ya tsotsa ya saki ya yi kuka, daga baya ma ya daina kukan. Inna ce ta matsa wa Baba ya je wurin Tsoho, tunda hatsin da ke rumbunan nan Kaka ne ya tara shi, kuma da gumin Baba aka noma shi.

Ƙanina ya raka shi, shi ya ba mu labari. Tsoho ya karɓe su da fara'a, ya ce, "Haba, gidanku ne. A ɗebar masa dami goma."

Baba ya ce, "A'a, goma sun yi yawa, akwai mabuƙata da yawa a gari. Biyu ma sun isa."

Tsoho ya juya ya ce, "To, a ba shi biyu."

Sau biyu ke nan, rami ɗaya, ƙafa ɗaya. Dami biyu suka yi mana kwana goma sha. Yaron ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Ɗan fari ne, al'ada ba ta yarda in yi kukansa a gaban mutane ba, sai na haɗiye, kukan ya sauka ciki ya zama wani abu dabam. Na sani yara sun mutu a shekarar nan har a gidajen da ke da hatsi, kuma na sani kwana idan ya ƙare ya ƙare. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma ni a lokacin ba hujja nake nema ba, wanda zan ɗora wa nake nema, kuma ga shi can zaune a zauren kakana da rawanin ubana a kansa. Na tsane shi tsana mai tsabta, wadda ba ta gauraye da komai ba. Baba ma na ji haushinsa, amma shi haushi ne irin na wanda kake so.

Mace ba ta shiga zaure, ba ta kai ƙarar ƙanin kakanta. Amma Allah ya bar mini ƙofa ɗaya: ni jikarsa ce. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, duk abin da jika ta faɗa wa kakanta dariya ake yi, kuma kakan da ya yi fushi shi ya ji kunya. Tun ina ƙarama Tsoho yake ce mini amaryarsa, ni ina ce masa ango mai furfura. Wannan wasan na ɗauka na wasa shi kamar lauje.

A wani suna na fara. Ya shigo cikin gida sa wa jariri albarka, mata cike da tsakar gida. Na ɗauko farantin goro na durƙusa a gabansa, ya miƙo hannu, sai na janye.

Na ce, "Angona, tsaya in ƙirga nawa zan ba ka. Kai ba a miƙa maka abu don kara, karɓewa kake yi har da farantin."

Wata gwaggona ta fashe da dariya, sauran suka bi. Tsoho ma ya yi dariya, dole ne ya yi. Ya ce, "Wannan amarya bakinta ya fi ƙarfina." Amma na ga yadda jijiyar wuyansa ta motsa a ƙarƙashin rawani, na kuma ji daɗi har tafin ƙafata.

Daga ranar ban ƙara barin wani taro ya wuce ba. Biki, suna, sallah, duk inda muka haɗu sai na sa masa ita da sabon salo. Idan ya zauna in ce a matsar da buta kada a yi masa tayin alwala ya tafi da ita. Idan an kawo amarya in ce a gargaɗi ango kada ya yi wa Tsoho kara. Inna ta yi mini faɗa har ta gaji. Maganar ta fita daga bakina ta shiga gari. Mutum zai yi wa abokinsa tayin fura ya ce, don kara na yi, kada ka yi mini irin ta zaure. Masu kai taki da jakuna suka ɗauke ta suka kai ƙauyukan maƙwabta. Tsoho ya yi mulkinsa, ya raba gardamar iyaka, ya karɓi baƙi, ba zan ce ya yi zalunci a komai ba. Amma duk inda ya juya baya akwai mai murmushi.

Wanda abin ya fi ci shi ne babban ɗansa, wanda nake kira Baffa. Falke ne na gyaɗa da wake, ya je Makka, mutum ne mai son a faɗi alherinsa. An ce wata rana a kasuwar Rimin Gado wani da bai san shi ba ya yi masa tayin rake da wannan maganar, ya ajiye raken ya tashi. Da na ji labarin na adana shi, ban san ranar amfaninsa ba tukuna.

Ranar ta zo da fari na biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Rijiyoyi suka ja baya, aka koma kwakin rogo. Tsoho kuma yanar ido ta rufe masa gani, har ba ya gane mutum sai da murya. Sai aka ji zai yi murabus yana da rai, don ya ga rawanin ya sauka a kan Baffa. Lissafin a fili yake. Baba ya haura sittin, ga tari ya kama shi, ga shi kuma ya ba Baffa shekara goma sha biyar. Idan Baffa ya ɗaura, Baba zai mutu bai ɗaura ba, ƙannena uku da 'ya'yansu sun fita daga layi ke nan, jikokin dagaci su zama masu gaisuwa daga bakin ƙofa.

Amma ƙa'ida ta biyu tana nan. Babban da magaji zai yi wa kara a wannan karon Baba ne. Matar Baffa ta tsegunta mini cewa Tsoho ya ja kunnen ɗansa: idan an tambaye ka, ka ce ni ne, kada ka nuna kowa. Wanda ya shiga ta taga ya san inda ake toshewa.

Na sami Baffa bayan la'asar a ƙofar gidansa yana auna wake. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, na ji abin alheri. Allah ya sanya albarka."

Ya dube ni da shakka, ya amsa.

Na ce, "Abu ɗaya ne ya dame ni. Idan ka karɓa ba ka yi kara ba, maganar nan da ake yi wa Tsoho kai za ta koma wa, har 'ya'yanka. Ni na fara ta da wasa, yanzu ta fi ƙarfina, ko na yi shiru gari ba zai yi ba."

Ya ce, "To ya kike so in yi?"

"Ka yi yadda kakanni suka yi. Ka nuna Baba a gaban wakili, ya mayar maka, ka ɗaura rawaninka da wankakken suna. Daga ranar ba mai ƙara buɗe baki."

Ya juya wake a mudu. Ya ce, "In kuma Yaya ya riƙe fa?"

Na yi dariya. Na ce, "Baffa, Baba fa ake magana. Mutumin da aka ba dami goma yana cikin yunwa ya ce biyu sun isa. Ka taɓa ganin an miƙa masa abu ya karɓa?"

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, wannan na tabbatar. Ya yi murmushi, na ga maganar ta zauna. Na tashi, na san rabin aikin ne wannan, kuma rabi mai sauƙi.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. Idan yana da saƙo sai ya ce a gaya wa yarinyar nan. Da hantsi na same shi a gonar jigawa shi kaɗai yana binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa da fatan ruwa zai zo ya tarar da iri. Ya sara da sungumi, ya tsaya ya yi tari, ya jefa ƙwaya, ya take da diddige. Na karɓi ƙoƙon irin na bi bayansa ina jefawa. Muka yi layi biyu a haka.

Na ce, "Baba, jibi Baffa zai yi maka kara."

Ya ci gaba da sara.

"Ina roƙonka kada ka mayar."

Ya tsaya, ya dubi wata ɗorawa can nesa, ya ce, "A gaya wa yarinyar nan ba a yin haka." Mu biyu ne kawai a gonar.

Na ce, "An yi. A gabanka aka yi, a kanka aka yi. Kai ka sami sunan mai kunya, mu muka biya. Inna ta bar ɗakinta, ƙannena za su fita daga gidan kakansu har abada. Ni kuma na binne ɗa." Ban taɓa ambaton yaron a gabansa ba sai ranar. "Dami takwas ka bari a rumbu saboda kada a ce ka cika ci. Ban yi kuka ba, Baba, an ce ba a yi. Shekara goma sha ɗaya ban roƙe ka komai ba. Kalma biyu nake roƙo."

Ya sara rami na gaba a karkace, ni kuma na jefa iri na take.

Ranar taro na tsaya a daidai inda na tsaya a wancan karon, bayan ƙofar zaure ta ciki. Wakili ya yi bayanin murabus, ya tambayi wanda gida ya tsayar. Baffa ya miƙe da babbar rigarsa, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yayana nan zaune. Ya girme ni, kuma ɗan dagaci ne kamar ni. Ba zan shiga gabansa ba."

Na ji sandar Tsoho ta faɗi a ƙasa. Ya ce, "Kai," a hankali. Shi kaɗai ne a zauren ya gane abin da ke tafe, domin ya san ƙamshinsa.

Baba ya gyara zama. Ya yi tari. Sannan ya ce, da muryar da da ƙyar ta kai ƙofa, "Na karɓa."

Bai ƙara da sa albarka ba. Magatakarda ya rubuta. Dattawa suka sake kallon tabarma, ina jin ita ce dai tabarmar. A wannan karon ban jira mai guɗa ba, ni na yi da kaina, har maƙogwarona ya yi kwana uku yana ciwo.

A makon da aka naɗa shi Baba ya buɗe rumbu biyu ya raba wa gari, kuma duk wanda ya ce kaɗan ya ishe shi sai ya sa a ninka masa. Damina biyu ya yi da rawanin ya rasu, ƙanina ya gaje shi, yau ɗan ƙanin nawa ne a zauren. Baffa ya mutu bai ɗaura ba, gidansu ya fita daga layi. Bai ƙara amsa gaisuwata ba har ya koma ga Allah, ban kuma ga laifinsa ba. Baba kuwa bai taɓa jin daɗin rawanin nan ba ko na yini ɗaya. Yakan cire shi da zarar ya shigo gida, ya ajiye a kan turmi kamar kayan aro.

Tsoho ya koma kangon nan na gefen gari, ɗakin da na yi jego a ciki. Baba ya sa kullum a kai masa tuwo daga gidan sarauta, domin a shekarar abinci sau ɗaya ake ci a yawancin gidaje. Wata rana da azahar na zo gaida Inna, an rufe kwanon Tsoho ana neman mai kaiwa. Baba yana zaune a gindin rumbu. Sai ya ɗago ya dube ni, cikin ido, karo na farko a rayuwata, ya ce, "Ke za ki kai masa. Kin sa na zama irinsa, sai ki je ki ga abin da muka yi."

Na so maganarsa ta farko gare ni ta zama wata ba wannan ba. Na ɗauki kwanon na fita.

Na tarar da Tsoho a kan buzu a bakin ɗakin, ya rame, idanun sun yi fari fat. Jikokinsa uku suna wasa a gindin kuka. Na yi sallama, ya gane muryar nan take.

Ya ce, "Amarya ce da kanta? Kin ci ni, amarya."

Na ce, "Wasa ne, angona. Ai ka san tsakaninmu."

Na durƙusa na buɗe kwanon a gabansa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, har da ɗan man shanu, tururi yana tashi. Na ga hancinsa ya buɗe, maƙoshinsa ya motsa. Na ce, "Bismillah."

Ban san me ya sa ya faɗa ba. Ko girman kai ne a gabana, ko kuwa bakinsa ne ya riga shi, irin yadda aka tarbiyyantar da mu duka. Ya ce, "A'a, na ƙoshi. Kai wa yara."

Na san abin da ake cewa. Ana cewa haba Tsoho, daure ka taɓa ko loma biyu, a tura kwanon gabansa, ya yi kamar an tilasta masa. Kalmomin suna kan harshena, na haddace su tun ina yarinya.

Na ce, "To."

Na rufe kwanon na kai gindin kuka, na kira yaran. Suka zauna suka cinye, suka suɗe, ƙarar kwanon tana isa har inda yake. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan jima, ko zai kira ni. Bai kira ba. Yana zaune yadda na bar shi, fuskarsa a wajen yaran, hannunsa na dama a kan gwiwa, tafin yana kallon sama. A jiƙe yake. Tun da ya ji sallamata ya wanke shi.